Tafiyar mako uku da ta ƙare cikin minti goma: yaya ake ɗora Middle-earth a kan dokokin D&D?

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a wasan labari na kan tebur, musamman waɗanda suka taɓa ɗaukar wata sananniyar duniyar almara suka gudanar da ita da dokokin da ba dominta aka rubuta su ba.

Mu biyar ne muke haɗuwa duk ranar Asabar bayan la'asar, kuma ni ne mai jan labari. Shekara biyu ke nan muna amfani da Dungeons & Dragons (D&D) bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, har ya zamana kowa ya san takardar jaruminsa kamar yunwar cikinsa. Bayan ƙaramar salla sai abokaina suka nemi mu koma Middle-earth, duniyar da J.R.R. Tolkien ya ƙirƙira, ni kuma na amince ba tare da na taɓa komai a cikin dokokin ba, domin a zatona taswira da sunayen garuruwa kawai za a sauya.

Na shirya musu tafiya daga Bree zuwa Rivendell, hanyar da ta ci wa Frodo, jarumin littafin The Lord of the Rings, da abokansa kimanin mako uku cikin yunwa da fargaba da ciwo. Na kwana biyu ina tsara inda guzuri zai ƙare da inda hanya za ta ɓace musu. Da muka zauna, ina cewa abinci ya yi ƙasa, sai mai riƙe da matsafin daji ya ce zai yi sihirin Goodberry, wanda ke ba da 'ya'yan itace goma, kowane ɗaya yana ƙosar da mutum yini guda. Ina cewa hazo ya rufe tuddai, sai mai riƙe da Ranger, wato gwanin daji, ya nuna mini inda littafi ya ce ba ya ɓata a irin ƙasar da ya ƙware a kanta. Da dare na turo musu kyarketai, aka yi wa ɗayansu rauni har ya faɗi, amma suka yi dogon hutu na awa takwas, gari ya waye kowa ya tashi garau. Tafiyar gaba ɗaya ba ta ci minti goma ba in aka cire faɗan, kuma babu wanda ya karya doka ko ɗaya.

Tambayata ita ce: in gyara dokokin da muka saba da su, ko in tilasta wa kowa koyon sabon tsari? Idan gyara ne, daga ina ake farawa?

Tsohon Madugu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ya same ka ya girme ka, domin tun farkon wannan wasa ake fama da shi. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da D&D a 1974, akwai hobbit da ent da balrog a cikinsa da sunayensu, sai da masu riƙe da haƙƙin ayyukan Tolkien suka yi barazanar shari'a a wajen 1977 aka mayar da su halfling da treant da balor. Wannan kamannin ne yake yaudarar mutane har yau, su ɗauka cewa tunda akwai Elf da Dwarf a nan, akwai su a can, to ai duniya ɗaya ce. Alhali D&D an gina shi ne a kan shiga kogo, a ci ƙarfin abin da ke ciki, a kwaso dukiya, a ƙara ƙarfi, a koma kogon da ya fi na baya haɗari. Labarin Tolkien kuwa na mutane ne da suke ƙara gajiya da rauni gwargwadon nisan da suka yi, kuma babbar dukiyar da ke hannunsu, wato zoben sihiri, so suke su rabu da ita.

Ni da MERP na fara, wato wasan Middle-earth da kamfanin Iron Crown Enterprises na Amurka ya fitar a 1984. Wani tsohon kwafi ne ya faɗo hannuna, bangonsa ya tsufa har sai da na ɗaure shi da salatif. Kamfanin ba sabon tsari ya ƙera ba, tsarinsa na Rolemaster ya sassauta ya ɗora duniyar a kai: ana jefa 'yan ludo biyu masu fuska goma a fitar da lamba daga ɗaya zuwa ɗari, sannan a duba jadawali. Akwai abin da ya dace ƙwarai a cikinsa. Jadawalin munanan raunuka yana iya cewa ƙashin hannunka ya karye, ko jini na zuba a kowane zagaye, kuma barcin dare ɗaya ba ya ɗinke wannan. Na ga ɗan wasa ya ƙi zare takobi a gaban Ork, mugayen halittun duniyar Tolkien, uku kacal saboda ya san sara ɗaya na iya gama masa da jarumin da ya yi wata shida yana renonsa, kuma wannan tsoron ya fi kusa da ruhin littattafan fiye da duk wani bayani da mai jan labari zai yi da baki. Taswirorinsu ma har yau ban ga kamarsu ba, kuma sun yi dabarar ajiye yawancin labaransu a wajen shekara ta 1640 ta Zamani na Uku a lissafin tarihin Middle-earth, jim kaɗan bayan babbar annoba, domin kada 'yan wasa su riƙa cin karo da jaruman littattafan irin su Frodo da Aragorn a kowace mararraba.

Amma inda MERP ya yi tuntuɓe shi ne daidai inda kai ma ka yi. Daga cikin sana'o'i shida da ake zaɓa akwai mai sihiri, wanda ke da jerin tsafe-tsafe har da jifa da wuta, kuma kusan kowa na iya koyon wani abu. A wajen Tolkien kuwa, manyan masu sihirin nan biyar ne kawai, kuma ba 'yan Adam ba ne da suka yi karatu suka ƙware, aiko su aka yi daga Yamma a wajen shekara ta 1000 ta Zamani na Uku. Ko a kan dutsen Caradhras, lokacin da sanyi ya kusa hallaka ayarin, sai da kowa ya gaza kunna wuta sannan Gandalf, ɗaya daga cikin biyar ɗin, ya sa hannu, kuma ya yi hakan yana nuna damuwa cewa ya tona inda yake. Ka kwatanta wannan da jarumin mataki na biyar a D&D mai jefa ƙwallon wuta sau biyu kafin azahar.

Lasisin ya bar hannun Iron Crown a 1999, sai Decipher ya fitar da nasa a 2002, shi ma a kan tsarin CODA da ya yi amfani da shi a wasan Star Trek. Wato sau biyu a jere ana ɗinka wa duniyar riga da awon wani. Shawarata ita ce, kafin ka taɓa lamba ko ɗaya, ka rubuta a takarda abubuwan da kake so 'yan wasanka su ji tsoro da abubuwan da kake so su yi marmari, sannan ka bi dokokin ɗaya bayan ɗaya ka ga wace ce take soke wannan tsoron. Ka riga ka gano uku da kanka a zama ɗaya.

Mai Taswira ta amsa:

Baba Madugu ya tsaya a 2002, ni kuma daga nan zan ɗora, domin a ganina amsar tambayar tana cikin abin da ya biyo baya. A 2011 kamfanin Cubicle 7 na Ingila ya fitar da The One Ring, wanda Francesco Nepitello ɗan Italiya ya tsara, kuma a cikinsa an fara ne daga littattafan aka gina dokoki a kansu maimakon a yi akasin haka. Bugu na biyu yana hannun Free League na ƙasar Suwidin, kuma ya ajiye labarinsa a Eriador a shekara ta 2965 ta Zamani na Uku, wato yankin da kake son tafiyarka, Malam.

Babu mai sihiri a cikin abin da ɗan wasa zai zaɓa. Ana jefa ɗan ludo ɗaya mai fuska goma sha biyu, wanda fuska ɗaya ke ɗauke da alamar Gandalf, ita ce nasara kai tsaye, ɗaya kuma Idon Sauron, babban maƙiyin labarin, wadda ba ta ƙara maka komai. Sai a haɗa da 'yan ludo masu fuska shida gwargwadon ƙwarewarka. Idan ƙarfin jikinka ya sauko ya yi daidai da nauyin kayan da kake ɗauke da su, ka zama gajiyayye, kuma daga nan duk ɗan ludon da ya nuna ɗaya ko biyu ko uku ba a lissafa shi. Saboda haka sulke mai nauyi yana kare ka a faɗa amma yana cin ka a hanya, kuma za ka ga ɗan wasa yana tunanin ko ya bar kwalkwalinsa a gida.

Tafiya kuwa tana da dokokinta. Kowa yana da aiki: mai jagora, mai leƙen hanya, mai farauta, mai gadi. Idan wani abu ya faru a hanya, a kan ɗaya daga cikinsu yake faɗawa, kuma gajiyar da aka tara tana bin mutum har masauki. Da na fara bayyana wa mutanena wannan, ban sha wahala ba, domin na ce musu su tuna ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja, inda madugu da jagaba da uban dawaki kowa ya san abin da ke wuyansa, kuma ba a sauke kaya sai an kai zango. Tun daga ranar, zango muke kiran wurin hutawa a teburinmu.

Abin da ya fi muhimmanci a wajena shi ne ma'aunai biyu da ke gaba da juna a kan takardar kowane jarumi. Na farko shi ne sa rai, wanda kake kashewa idan kana son ƙarin ɗan ludo a lokacin tsanani, kuma ba ya dawowa da sauri. Na biyu sunansa a littafin yana nufin inuwa, amma ni Duhu nake kiransa, domin a kunnen Bahaushe inuwa rahama ce, wurin da matafiyi ke nema, ba abin gudu ba. Duhu yana taruwa ne daga firgici, da kwaɗayin dukiya, da sihirin maƙiya, da kuma mugun aikin da jarumi ya yi da hannunsa. Idan ya kamo sa ran da ya rage maka, ka shiga ƙunci, kuma Idon Sauron ya zama faɗuwa kai tsaye. Idan ya ci gaba, hankalin jarumi yana gushewa na ɗan lokaci, ya fito da wani aibi da zai zauna masa.

Bari in ba ka misalin yadda wannan ke aiki. Mutanena sun kama wani ɗan fashi a kusa da tsohuwar hanya, suna son ya faɗi inda sauran suke. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya saba da D&D, ya ɗauki 'yan ludo ya ce zai karya masa yatsa. Ban hana shi ba, na dai ce masa ya sani wannan aikin zai ƙara masa Duhu, kuma ya duba takardarsa. Ya duba, ya ga maki biyu ne tsakaninsa da ƙunci, sai ya ajiye 'yan ludon a hankali, ya yi shiru, sannan ya ce jaruminsa zai kwance wa mutumin hannu ya ba shi ruwa da gurasa. Ban yi masa wa'azin tausayi ba, kuma bai karanta littattafan ba. Lambar da ke gabansa ce ta kai shi inda labarin yake so. Makin ci gaba ma ba a kan yawan waɗanda ka kashe ake ba da shi ba, a kan zaman wasan ne, don haka babu ribar neman faɗa.

Ra'ayina shi ne ka sauya tsari. Zama biyu ya ishi mutanenka su kama shi.

Baƙon Maradi ya amsa:

Malama ta yi bayani mai kyau, amma ban yarda da hukuncinta ba, kuma ina ganin ta raina wahalar sauya tsari. Mutane biyar masu aiki da iyali, waɗanda sau ɗaya a mako suke samun awa uku, sun zuba shekara biyu a kan dokoki guda. Idan aka ce su fara daga farko, akwai yiwuwar biyu su ja da baya, kuma tebur da ya watse ba shi da tsarin da zai cece shi. Ga kuma kuɗin littafi da na aikowa da dala, alhali ainihin dokokin bugu na biyar an sake su kyauta a ƙarƙashin lasisin Creative Commons tun Janairun 2023.

Kuma masu tsara The One Ring da kansu sun nuna ana iyawa. Cubicle 7 ya fitar da Adventures in Middle-earth a 2016 a kan bugu na biyar, Free League kuma ya fitar da nasa a 2023. Abin da suka yi a fili yake, kuma kana iya kwaikwayonsa da biro da takarda. Sun cire sana'o'in D&D gaba ɗaya suka kawo nasu guda shida, babu mai jefa wuta a cikinsu. Na 2016 ya hana dogon hutu a tsakiyar tafiya, sai an isa wuri mai aminci. Na 2023 ya tsayar da ci gaba a mataki na goma maimakon ashirin. Duka biyun sun ɗauko ma'aunin Duhu da ayyukan matafiya suka dasa.

Idan ni ne kai, ɗan'uwa, da dokar hutu zan fara, domin ita kaɗai tana gyara rabin matsalarka. Ko a littafin mai jan labari na 2014 akwai zaɓin da ya mayar da gajeren hutu awa takwas, dogon hutu kuma kwana bakwai. Sannan ka yi amfani da matakan gajiya shida da ke cikin dokokin, waɗanda yawancin tebura ke mantawa da su, ka ɗora su a kan yunwa da sanyi da rashin barci. Ka tuna an soki Frodo a Weathertop ranar 6 ga Oktoba, bai kai mashigar kogin Bruinen da ke kusa da Rivendell ba sai ranar 20, kuma duk tsawon kwanakin nan ciwon ƙaruwa yake yi. Dokar da ta hana irin wannan faruwa ita ce ta fara fita.

Tsohon Madugu ya sake amsawa:

Ina tare da Baƙon Maradi a kan dokar hutu, amma akwai abin da gyara ba ya kaiwa, kuma gara Ɗan Zazzau ya san shi tun yanzu. Makin lafiya a bugu na biyar yana hauhawa da kowane mataki, ta yadda mayaƙin mataki na takwas zai iya tsayawa a gaban Ork goma yana lissafin cewa ba za su gama da shi ba kafin ya gama da su. Boromir, abokin tafiyar Frodo, gwarzo ne, amma kibau suka kashe shi a yini ɗaya. Wannan hauhawar tana cikin ƙashin tsarin, shi ya sa ni a mataki na biyar ko na shida zan tsaya, ba na goma ba.

Kada kuma a ɗauka cewa cire sihiri shi ne maganin kowace duniya. Glorantha, duniyar almara ta Greg Stafford, akasin haka take: a RuneQuest na 1978 manomi da makiyayi ma suna da ɗan sihirinsu da suka samu daga bautar gumakan ƙabilarsu, kuma wanda ya kai ta wani tsari ya killace sihiri a hannun sana'a ɗaya ya ɓata ta kamar yadda ƙwallon wuta ke ɓata Middle-earth. An ɗora ta a kan Hero Wars a 2000, an ɗora ta a kan 13th Age a 2018, kuma kowanne wani ɓangare nata ya fito da shi: na farko tatsuniyoyin alloli da al'umma, na biyu gwarzantaka da manyan faɗace-faɗace, RuneQuest kuma garkuwa da mashi da hannun da ke iya guntulewa.

Ɗan Zazzau ya dawo:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kai maganar gaban mutanena kamar yadda kuka kawo ta, kuma uku daga cikin huɗu suka ce ba sa son barin bugu na biyar a yanzu, don haka hanyar Baƙon Maradi muka bi, tare da aron abu biyu daga wajen Malama.

Mun sake jarumai daga mataki na ɗaya, babu mai sihiri ko ɗaya, kuma mun amince za a tsaya a mataki na shida kamar yadda Baba Madugu ya ce. Dogon hutu sai a zango, kuma na nuna musu zangon a kan taswira tun kafin a tashi, domin kada wani ya ce an yi masa ba-zata. Kowa ya karɓi aikinsa na hanya, na kuma ja layi a ƙasan kowace takarda na rubuta Duhu.

Ranar Asabar da ta wuce muka sake bin hanyar nan daga Bree. A kwana na tara mai farauta ya dawo hannu rabbana sau biyu a jere, mai gadi yana mataki na biyu na gajiya, ga kuma rauni a ƙafar jagora tun daga fadamar Midgewater. Da suka hango hayaƙi daga wata bukka a gefen hanya, sai da suka yi kusan rabin awa suna muhawara a kan ko su ƙwanƙwasa ko su wuce, har aka kira magariba ba su yanke ba, muka tashi a kan haka.

Matsala ɗaya ta rage mini. Wanda a da yake riƙe da matsafin daji ya koma masani mai haɗa magunguna da sanin tsofaffin harsuna, amma na lura idan faɗa ya tashi ba shi da abin yi sai jira, kuma fuskarsa ta nuna hakan. Malama Mai Taswira, a tsarin da kike amfani da shi, me masani yake yi a lokacin da sauran suka zare takubba?